Tambayar Layi Na Huɗu

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da wannan karatu naki da ya fi gidanki muhimmanci. Mu nan lafiya, in ban da abin da zan gaya miki. Mijinki ya kawo mana yara ranar Asabar. Ƙaramar ta yi haƙori biyu, ba ki gani ba.

Na rubuto ne don a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Da na ɗauko zance sai ki ce in tsaya tukuna, ko ki ce an shiga aji. Takarda ba ta katse mutum. Direba zai jira amsa, na ce masa ko da zai kwana.

Maganar baffanki Ma'auni ce. Yau wata biyu da kwana shida ke nan da rufin kankaren nan ya rufto masa a wurin aiki. Ƙafar ta warke, likitan ƙashi ya sallame shi, amma wanda ya dawo gida ba ƙanena ba ne. Mutumin da ya shekara ashirin yana riƙe mini ma'aikata, yau ko igiyar awo ba ya iya taɓawa. Ya fito da katifarsa tsakar gida, wai ba zai kwanta ƙarƙashin rufi ba, rufin da ni na zuba da hannuna. In murfin tukunya ya faɗi sai ki ga gumi ya wanke shi. Na san awa biyar a ƙarƙashin kankare ba wasa ba ne, ga Dogo birkila ya cika a gefensa yana riƙe da hannunsa. Amma ai an fito da shi. Ni na fito da shi.

Na kai shi sashenku na masu larurar ƙwaƙwalwa, inda kika yi shekara shida kina aiki. Ranar farko wata ta zaunar da shi a baranda bayan labule, ta buɗe takarda, ta ce ya faɗi abin da ya faru daga farko. Ya faɗa. Mako na gaba wani ne daban da sabuwar takarda, shi ma daga farko. Na uku har da ɗalibai biyu a tsaye suna rubutu. Na ce musu wanda aka rubuta wancan makon akuya ce ta cinye shi? Aka ce mini ƙa'ida ce, tambayar tana layi na huɗu na takardar, kowa sai ya cike nasa.

A zuwa na biyar yana cikin faɗa, ya zo daidai wurin Dogo, sai wani ya saki keken tura marasa lafiya ya daki ƙofar ƙarfe. Baffanki ya ƙwala ihu ya shige ƙarƙashin benci. Kin san abin da suka yi? Ƙarti huɗu suka jawo shi, suka danne shi a ƙasa, ɗaya ya sa masa gwiwa a baya, aka yi masa allura. Mutumin da kankare ya danne, Uwata. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare na san ba a yin haka.

Tun ranar ya rantse ba zai sake taka asibiti ba. Maganin ya zubar. Kwana tara ke nan ba ya yi wa kowa magana, abinci kuwa sai matarsa ta yi kuka yake taɓawa. Yana ramewa ina kallo.

Don haka ki ajiye kwas ɗin nan ki dawo. Tun farko na ce wata shida don a koya wa mutum sauraro ɓata lokaci ne. Ni shekara talatin da ɗaya ina sauraron leburori, ba wanda ya ba ni takardar shaida. Ke yana jin maganarki, a kafaɗarsa kika girma. Ki zo ki mai da shi asibiti, ki tsaya a kansa da kanki.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, kai da Umma da duk mutanen gida. Na karanta takardarka har ƙarshe, ko sau ɗaya ban katse ka ba.

Na yi kuka da na zo wurin benci. Amma akwai abin da ya zama dole in faɗa maka, ko da zai rage mini daraja a idonka. Da ina wurin aiki ranar, wataƙila ni ce zan zuƙo allurar. Na sha yi. Abin da aka koya mana ke nan: in mutum ya yi ihu ya ɓuya, hankalinsa ne ya gushe, a riƙe shi kada ya ji wa wani ciwo. Shekara uku a makaranta muna karanta masu jin muryoyi da masu shaye-shaye da sunayen ƙwayoyi. Wanda ya ga mutuwa da idonsa ya tsira, yamma ɗaya aka yi mana darasinsa, malamin ma bai zauna har ƙarshe ba. Sai da na zo nan na gane mutum nawa na danne waɗanda tsoro ne kawai ya dawo musu.

Baffa bai haukace ba. Jikinsa ne bai yarda an fito da shi ba. Duk lokacin da aka sa shi ya faɗa daga farko, ba tare da ya shirya ba, komawa yake yi ciki. Akwai ranar da zai buƙaci ya faɗa, amma shi zai zaɓe ta, a gaban mutum ɗaya da ya saba da shi.

Ka yi haƙuri, ba zan iya dawowa yanzu ba. Saura mako bakwai, kuma yanzu ne muke ganin marasa lafiya malamai na duba yadda muke yi. In na taho yau, rabin sani zan kawo masa. Kuma 'ya ba ta zama likitar baffanta, zai ɓoye mini abin da ya fi ci masa rai don kunya.

Ga roƙona. Ku bar masa katifarsa inda ya sa ta. Kada a ja shi asibiti da ƙarfi. Ka rubuta wa Sista, shugabar sashenmu, ka gaya mata abin da ka gaya mini. Rubutawa na ce, Baba, ba zuwa ba, na san muryarka in ta tashi. Ni ma zan kira ta.

Tambaya ɗaya: in ka je gaishe shi, wace hira kuke yi?

Ka shafa mini kan yara.
'Yarka.

*

Zuwa ga Shugabar Sashen Masu Larurar Ƙwaƙwalwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya da aiki.

Ni ne yayan mutumin da ma'aikatanki suka danne a baranda ranar Litinin waccan. Ba sai na faɗi lambar katinsa ba, ina jin ba kullum ake jawo magidanci daga ƙarƙashin benci ba. In kuwa kullum ne, to maganar ta fi yadda na zata.

Ni ba ɗan boko ba ne. Da kwaɓa siminti na fara, da buhu a ka. Yau in kika bi titin asibitinku zuwa kasuwa, gini bakwai za ki wuce da na ɗora tun daga tushe. Ba alfahari nake yi ba, so nake ki san mai magana ya san yadda ake koya wa mutum aiki. A wurina, sabon ma'aikaci ba ya hawa sama sai ya yi wata uku a ƙasa yana kallon na gaba da shi. Wanda ya iya ɗora bulo ba na ba shi ɗaurin rodi don kawai duk gini ne. In na ba shi ya ɓata, laifina ne, ba nasa ba.

To ina tambaya. Waɗannan da kika sa su tambayi ƙanena, wa ya koya musu? An taɓa zaunar da su an ce ga yadda ake yi da wanda gini ya rufta wa, ko wanda ya fito daga gobara, ko wanda mota ta kife da shi? Ko kowa da allura ɗaya ake binsa? Mutum biyar, takarda biyar, tambaya ɗaya. Ko ni in an sa lebura ya auna bango sau biyar a gabana sai in kori wanda ya sa shi. Kuma a baranda, mutane na wucewa, mai shara na jin yadda abokin aikinsa ya mutu.

Ɗaya daga cikinsu, mai gajeren gemu, da na yi magana cewa ya yi in fita waje ina hana su aiki. Ni. Na fita ne kawai don 'yata a ƙarƙashinki take, ban so a ce ubanta ya yi rigima a wurin aikinta.

Ba kuka nake kawowa don a ba ni haƙuri ba, haƙuri ina da shi a gida. Ƙanena ya daina cin abinci, ya ce ba zai dawo wurinku ba, kuma ba ni da wani wurin da zan kai shi. Ki gaya mini abin da za ki yi, a rubuce.

Na gode.
Yayan mara lafiya, mai aikin gine-gine.

*

Ranka ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kuma 'yarka ta kira ni mun daɗe muna magana.

Abin da aka yi wa ƙaninka kuskure ne. Ba zan kare shi ba. Ka tambayi wa ya koya musu, amsar ita ce babu. Ni ma shekara ashirin da biyu ina wannan aiki ba wanda ya koya mini. Mu shida ne, ranar ganin marasa lafiya mutum ya fi ɗari a layi, duk wanda ya samu sarari shi ke ɗaukar na gaba. Takardar da ka gani an tsara ta tun kafin a ɗauke ni aiki, kuma duk wanda ya bar layi na huɗu babu rubutu sai an tuhume shi. Ma'aikatana ba mugaye ba ne. Abin da suka sani suka yi.

Sau uku ina rubutawa sama a tura mu horo kan kula da waɗanda suka tsira daga tashin hankali. A na uku aka ba ni gurbi ɗaya, na sa sunan 'yarka don in ta dawo ta koya wa sauran. Ban manta ba kai ne ka zo har ofishina kana faɗa, kana cewa na raba mace da gidanta don karatun banza. Ban faɗa don in rama ba. Tunda ka ce a rubuce kake so, gara a rubuta duka.

Ga abin da zan yi. Ni kaɗai zan riƙa ganinsa, duk Laraba bayan an watse. Na sa an kwashe kwalaye daga ƙaramin ɗakin ajiya, yana da taga, kuma a rufe ƙofa ko a bar ta shi zai zaɓa. Kujerarsa kusa da ƙofa za ta kasance. Na ja layi a kan tambaya ta huɗu da hannuna na sa hannu, duk mai tuhuma ya zo wurina. Ba wanda zai taɓa jikinsa. Malamar 'yarka ta yarda in riƙa kiranta bayan kowane zama ta gyara mini, don ni ma ɗaliba ce a wannan.

Sharaɗi ɗaya. In ya yarda zai zo, kada ya zama kai ne za ka kawo shi. Na karanta takardun nan biyar a jere. A huɗu daga ciki, ma'aikata daban-daban sun rubuta abu ɗaya a ƙasa: mara lafiya ya yi shiru, yayansa ya ƙarasa masa labarin.

Allah ya ba shi lafiya.
Sista.

*

Uwata,

Sallama. Lafiyarmu ƙalau. Ga takardar shugabarki na haɗo miki ki karanta da idonki, ki ga irin mutanen da kike yi wa aiki.

Na kai ƙara, an mai da ni wanda ake ƙara. Wai kada in kawo shi. Wa ya haƙa da hannu kafin katafila ta iso, har farcena biyu suka fita? Ita ce? Eh, na ƙarasa masa labarin. Mutum ya tsaya baki na rawa, ma'aikaci na duba agogo, in zuba ido? Taimaka masa na yi. Kuma ni na fi shi sanin yadda aka yi, shi yana ƙasa, ni nake sama ina ganin komai.

Kin tambayi hirar da muke yi. Wace hira za a yi da wanda ba ya amsawa? Kullum bayan la'asar ina zuwa, ban taɓa fashi ba. Ba na zuwa ni kaɗai, don mara lafiya yana son ya ga jama'a. Na kai masa 'yan ƙungiyarmu ta magina, na kai maƙwabta, jiya na kai mai sai da mana da rodi. Duk wanda ya zo sai ya tambayi yadda abin ya faru, ni kuma in ba su labari a gabansa, don ya ji da kunnensa irin yadda aka wahala a kansa, ya san shi ba abin yarwa ba ne. Ina nuna musu hular kwanonsa da ta lotse, su yi salati, su ce lallai yana da sauran kwana. Wannan ba ƙarfafa zuciya ba ne? Me ake koya muku a can da ya fi wannan?

Ita ma matarsa ta fara nata. Hular ta ɓace, ta ce ba ta san inda take ba, a gidan da ko allura ba ta ɓata. Shekaranjiya ta tare ni a ƙofa da baƙi uku a bayana, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Yaya, barci yake." Ina hango ƙafarsa tana motsi. Ni ake hanawa shiga gidan da na gina.

Na gaya masa maganar ɗakin mai taga, sau uku na maimaita, ya juya mini baya. Yanzu ki faɗa mini, tunda ke ce mai karatu, a cikinmu wa ya rasa hankali.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka. Ka yafe mini abin da zan rubuta, ban taɓa yi maka magana irin wannan ba, kuma da a gabanka nake ba zan iya ɗaga kai in faɗa ba.

Asibiti sau biyar suka sa Baffa ya koma ƙarƙashin ginin nan. Kai kullum kake mai da shi, wata biyu, da 'yan kallo. Matarsa ta kira ni tun kafin takardarka ta zo. Ta ce da ya ji ƙarar motarka jikinsa yake fara rawa, in kun tafi kuma sai ya yi amai. Ta rasa yadda za ta gaya maka, don kai ne uba a gidan. Hular tana cikin buhun gawayi, ni na ce ta bar ta can.

Na san ba mugunta ba ce. A labarinka kullum ana fito da shi da rai, shi ya sa kake son faɗa. A nasa har yanzu yana ciki, Dogo na riƙe da hannunsa. Kuskurenka da namu ɗaya ne, Baba, mu da takarda, kai da baƙi. Ba wanda ya tambaye shi abin da yake so.

Ka je kai kaɗai. Kada ka ba da labari, kada ka yi nasiha, kada ka ambaci asibiti, na karanta wa matarsa takardar Sista a waya, ta riga ta gaya masa. Ka zauna kawai. In ya yi magana kada ka ƙarasa masa, ko da ka san ƙarshenta. Mu mako biyu aka yi ana koya mana wannan, har yanzu malama tana buga mini tebur in na yi gaggawa. Ka ga ashe gado na yi.

Kai ma awa biyar ka yi kana haƙa ba ka san ko gawa za ka tarar ba. In na dawo, in kana so, zan haɗa ka da wanda zai saurare ka. Ba ni ba.

Ka gafarce ni.
'Yarka.

*

Uwata,

Sallama. Takardarki ba ta da ladabi, amma na karanta.

Kwana huɗu ke nan ina zuwa ni kaɗai. Motar a bakin titi nake barinta in taka. Ranar farko minti goma na yi na tashi, harshena kamar zai tsage. Jiya na kai kusan awa. Muna zaune kamar gumaka biyu, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, akwai ruwa a ƙasan. Yana ɗiga mini a kunne." Duk yawan faɗin labarin nan da na yi, ban san da ruwa ba. Tambaya ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Bai ƙara komai ba. Da aka kawo abinci ya ci rabi.

Ni ba na buƙatar mai saurarena, ki bar wannan maganar.

Yau da safe matarsa ta aiko. Ya ce zai je ranar Laraba, sau ɗaya, ya ga ɗakin. Ita za ta raka shi, a motar haya. Ga motoci uku a gidana, ga direba a zaune.

Ban ce komai ba.

Mahaifinki.